Yadda Ƙwayar Zogale Ke Kwantar da Lakar Ruwan Sha

Idan damina ta kankama, ruwan da ake ɗebowa daga rafi yakan zo jawur, kuma ko ya kwana a randa ba ya washewa sosai. Dalilin shi ne ƙwayoyin lakar ƙanana ne ƙwarai, kuma dukkansu cajin lantarki iri ɗaya suke ɗauke da shi, saboda haka suna ture juna, ba sa dunƙulewa balle su yi nauyin nutsewa. A gidajen ruwa, alam ake zubawa ya haɗa kansu.

Zogalen da muke yin kwaɗo da ganyensa yana iya wannan aikin, domin a cikin ƙwayarsa akwai furotin mai caji kishiyar na laka, wanda ke janyo lakar ta dunƙule ta kwanta. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe da sanin haka, kuma daga wurinsu masaniya Samia Al Azharia Jahn ta tattara bayanan da suka jawo hankalin masu bincike a shekarun 1980. Daga baya an gwada shi a gidan ruwan Thyolo na ƙasar Malawi. Ana kuma haɗa shi da alam domin a rage yawan alam ɗin da ake saye.

A gida, ƙwayar da ta bushe a bishiya ake ɓarewa, a daka farin cikinta ya yi laushi, a tankaɗe. Kimanin ƙwaya 1 takan ishi lita 1 ta ruwa mai laka sosai. Sai a girgiza garin a kwalba da ruwa mai tsabta, a tace da ƙyalle cikin bokitin ruwan mai laka, a juya da sauri, sannan a ci gaba da juyawa a hankali na minti 10. Bayan awa 1 zuwa 2, za a ga lakar ta taru a gindin bokiti, sai a tsiyaye na saman.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ruwan da ya yi garau bai zama lafiyayye ba tukuna. Zogale yana sauke ƙwayoyin cuta masu yawa tare da lakar, amma ba ya kashe su duka, kuma ragowar garinsa abinci ne gare su idan ruwan ya daɗe a ajiye. Don haka wajibi ne a tafasa shi ko a sa masa kulorin kafin a ba yaro, sannan a ajiye shi a cikin mazubi mai murfi, a sha shi a ranar.