Sharhi: Tsakanin Ovechkin da Jagr, Wa Ya Fi Wani a Kan Ƙanƙara?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wasan hoki na ƙanƙara, wanda ake yi da sanda mai lanƙwasa a baki da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowace ƙungiya da mutum shida a fili har da mai tsaron raga. Abin da suke bugawa wani ɗan faifai ne na baƙin roba mai tauri, amma domin sauƙin magana za mu kira shi ƙwallo.

A ranar 6 ga Afrilun 2025, a gidan New York Islanders, Alexander Ovechkin na Washington Capitals ya ci ƙwallonsa ta 895 a gasar NHL ta Amurka da Kanada, ya shafe tarihin Wayne Gretzky na ƙwallo 894 da ya tsaya tun 1999. Tun daga ranar mutane da dama ke cewa ba a taɓa yin ɗan wasan gefe kamarsa ba. Ni kuwa ina ganin bai kamata a yanke wannan hukunci ba sai an ajiye sunan Jaromir Jagr kusa da nasa.

An haifi Jagr a 1972 a garin Kladno, a ƙasar da ake kira Cekoslobakiya a lokacin, kuma lamba 68 da yake sawa tunawa ce da shekarar 1968, lokacin da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasarsa. Ovechkin kuma ɗan Mosko ne, an haife shi a 1985, kuma lamba 8 da ke bayansa ta mahaifiyarsa ce, Tatyana, wadda ta ci zinare sau biyu a ƙwallon kwando a wasannin Olimfik na 1976 da 1980.

Jagr ya shigo da ƙafar dama. Pittsburgh Penguins ta ɗauke shi a 1990 yana ɗan shekara 18, ya tarar da tauraron ƙungiyar Mario Lemieux yana tashe, suka ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1991 da 1992. Ovechkin ya sha wuya kafin ya ga kofin: ya fara wasa a 2005, ya ci ƙwallo 52 a kakarsa ta farko, ya ci 65 a kakar 2007 zuwa 2008, amma shekara bayan shekara ana fitar da ƙungiyarsa a zagayen sili ɗaya ƙwale, ana ɗora masa laifi, har sai 2018 da Washington ta doke Vegas Golden Knights ta ɗauki kofin farko a tarihinta, aka kuma zaɓe shi gwarzon zagayen. A nan dole a sara wa Ovechkin, domin Jagr ya ci nasa ne a inuwar babban yaya, Ovechkin kuwa shi ne kyaftin, shi ne ɗauke da nauyin gidan.

Amma idan aka dubi yadda kowannensu ke wasa, sai magana ta sauya. Ovechkin yana da wani wuri a gefen hagu na gaban raga wanda masu kallo ke kira ofishinsa. Da zarar an fitar da ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu saboda laifi, sai ya je can ya tsaya, sandarsa a ɗage, yana jiran a miƙo masa. Mai tsaron raga ya sani, masu tsaron baya sun sani, masu horarwa sun shekara ashirin suna nazarin bidiyonsa, duk da haka ƙwallon tana shiga. Daga wannan gefen ya ci ta 895 ɗin, bayan ya karye a ƙafa a watan Nuwamban 2024 ya rasa wasa 16, yana ɗan shekara 39. Sau tara yana zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kaka.

Jagr kuwa ba ya jiran kowa ya miƙo masa. Yakan karɓi ƙwallo a jikin katangar fili, ya juya wa mai tsaron baya faffaɗan bayansa, ya miƙa doguwar sandarsa can nesa, mutum biyu na ture shi amma ya ƙi motsi, har sai ya hango abokin wasa da aka manta da shi ya tura masa, ko ya kutsa da kansa. Shi ya sa ƙwallayensa 766 rabin labarin ne kawai. Ya taimaka an ci 1,155, jimillar maki 1,921 a wasa 1,733, kuma Gretzky ne kaɗai ya fi shi maki a tarihin gasar. Sau biyar yana zama wanda ya fi kowa maki a kaka, huɗu daga ciki a jere, daga 1998 zuwa 2001, yayin da Ovechkin ya yi hakan sau ɗaya, a 2008. Kada kuma a manta cewa Jagr ya bar NHL na shekara uku, daga 2008 zuwa 2011, ya tafi Avangard Omsk a Rasha, ya dawo yana ɗan shekara 39 ya ci gaba da wasa har 2018.

Masu sukar Jagr suna da hujja, kuma hujjar tana Washington. Ƙungiyar ta karɓo shi a 2001, ta ba shi kwantiragin dala miliyan 77 na shekara bakwai, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, aka sallame shi zuwa New York Rangers a Janairun 2004. Washington ta watsar da manyan 'yan wasanta, ta ƙare kusa da ƙasan teburi, ta ci ƙuri'ar zaɓen farko na matasan wannan shekarar, kuma yaron da ta zaɓa shi ne Ovechkin. Jagr ya yi wa ƙungiya tara wasa a NHL, Ovechkin ɗaya tilo.

Sun haɗu gaba da gaba a Olimfik na Vancouver a 2010. Jagr ya taho da ƙwallo a tsakiyar fili, Ovechkin ya tare shi da kafaɗa ya kai shi ƙasa, daƙiƙu kaɗan bayan haka Evgeni Malkin ya ci wa Rasha, aka tashi 4 da 2. Wata uku bayan nan, a wasan ƙarshe na gasar duniya a Jamus, Jagr da 'yan Cek suka doke Rashar Ovechkin 2 da 1. Jagr yana da zinaren Olimfik na Nagano na 1998, abin da Ovechkin bai taɓa samu ba.

Saboda haka, jama'a, idan tambayar ita ce wa ya fi iya zura ƙwallo a raga, Ovechkin ne, kuma babu na biyunsa. Idan kuwa tambayar ita ce wane ɗan wasan gefe ne ya fi juya wasa gaba ɗayansa, da ci da bayarwa da riƙe ƙwallo, to Jagr zan zaɓa. A Fabrairun 2024 Pittsburgh ta ɗaga lambarsa ta 68 sama a filinta, ba wanda zai sake sa ta a ƙungiyar, alhali a lokacin yana ɗan shekara 52 kuma yana buga wa Kladno wasa, ƙungiyar garinsu da shi ne mai ita a wancan lokacin.

Nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A huta lafiya.