Fodkas: Ɗan Sakkwato da karatun halittun teku

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro. Malam, iyaye da yawa a nan Sakkwato sukan yi mamaki idan yaro ya ce zai karanci halittun teku da muhallin gaɓarta a jami'a, domin a ganinsu wannan karatu na mutanen Legas ne da Kalaba. Suna da gaskiya kuwa?

Malam: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mamakinsu yana da dalili, amma ban yarda da shi ba. Ruwan saman da manomanmu suke jira kowace shekara, iskar damina ce take kwaso danshinsa daga Tekun Atilantika. Haka kuma ruwan Gulbin Rima da yake wucewa ta Kwalkwalawa yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato, ya bi ta Argungu ya faɗa Kogin Neja, Nejan ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan su rarrabu a yankin Neja Delta su shiga teku. Duk takin zamani ko leda da ruwa ya ɗauka a nan, wannan hanyar yake bi.

Hajiya: To, me ɗalibin yake koya idan ya isa can?

Malam: Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, daga Badagiri zuwa Kuros Riba, kuma dajin mangurof na Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka. Mangurof itatuwa ne masu jure ruwan gishiri, saiwoyinsu suna riƙe ƙasa kada igiyar ruwa ta cinye ta, kuma a tsakanin saiwoyin nan ne ƙananan kifaye da jatan lande suke fakewa har su girma. Ɗalibi zai shiga kwale-kwale, ya kutsa cikin taɓo, ya auna gishirin ruwa da iskar da ke cikinsa, ya ƙirga abin da masunta suka kamo, domin ya gane dalilin da kifi yake raguwa.

Hajiya: Abin da yake damuna shi ne malalar mai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta, inda mai ya malala, ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, wato yaran da aka haifa lokacin za su girma aikin bai ƙare ba. Wannan aiki na masu ilimi ne, kuma ban ga abin da zai hana 'ya'yanmu, mata da maza, su kasance cikinsu ba.

Malam: Babu shakka, Hajiya. Jami'ar Legas tana da sashen kimiyyar teku, Jami'ar Kalaba tana da cibiyar nazarin teku, kuma tun 1975 akwai cibiyar binciken teku ta tarayya a Legas. A 2023 ma an kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku.

Hajiya: Wanda iyayensa ba su da halin tura shi kudu tun farko fa?

Malam: Sai ya fara da bayoloji ko ilimin kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya nemi digiri na biyu a Legas ko Kalaba. Ya dage da kemistiri da lissafi tun daga sakandare, ya kuma koyi iyo kafin ya tafi.