Ƙaddara da Tohon Gawo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk lokacin da zafin Afrilu ya haura digiri 40 a birnin Sakkwato, ko ruwa ya ɗauke bayan shuka har gero ya ƙone a Gada da Tangaza, magana ɗaya ake ji a majalisa da kasuwa: "Daga Allah ne, sai haƙuri." Babu musulmin da zai musa wannan. Abin da ke damuna shi ne yadda zancen ke ƙarewa a nan, kowa ya naɗe hannu.

Ban ga laifin wanda ya karaya ba. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. A 2010 ambaliya ta cinye ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima daga Goronyo zuwa ƙasa, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ga 'yan bindiga sun hana noma a wasu yankunan Isa da Sabon Birni. Hayaƙin da ke ɗumama duniya kuma, mafi yawansa daga masana'antun manyan ƙasashe yake fitowa. Manomin Illela ya tambaya, shi me zai iya?

To mu leƙa maƙwabta. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka sauya yadda suke sassabe. Idan mutum ya iske kututturen gawo ko kalgo ko sabara ya yi toho a gonarsa, ba ya sare shi ya cinna masa wuta. Sai ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya kare su daga awaki. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta, don haka ba a bukatar ban ruwa. Da wannan sassaben zamani aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo kuwa, kowane manomi ya sani, da damina yake zubar da ganye, ya taki ƙasa, ya bar wa gero rana. Waɗannan mutane Hausawa ne 'yan uwanmu, sun yarda da ƙaddara kamar yadda muka yarda.

Da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa saboda annobar da ta ɓarke a Sham, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ina roƙon malamanmu su riƙa kawo wannan a huɗuba idan an zo roƙon ruwa.

Hukuma ma da nata. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ta Afirka ya shafa, amma dashen da aka yi gaban kyamara, aka bar shi ba mai ban ruwa, ba ya kai bazara. A ɗauki matasan ƙauyen aikin kula da shi, a biya su. A kuma sauƙaƙa wa magidanci kuɗin gas, domin tsadarsa ce ke tura motocin itace da gawayi cikin daji kullum.