Rabon da Ba Ya Cikin Takarda: Sharhi Kan Ƙauyen Jawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya. Ba Jakarta za mu ba, ƙauye za mu shiga, a gundumar Klaten da ke tsakanin birnin Yogyakarta da birnin Solo, a gindin dutsen Merapi mai aman wuta.

Baƙo mai lura, in ya shiga irin waɗannan ƙauyuka, zai ga wani ɗan gwangwani ko guntun gora rataye a bakin ƙofar gidaje. Kafin a kwanta uwargida takan zuba masa shinkafa cokali ɗaya ko biyu, wasu kuma yanzu tsabar kuɗi suke jefawa. Da dare ya tsala, mazan da layin sintiri ya zo kansu sai su bi gida-gida suna juye abin da ke ciki a jaka. Sunansa jimpitan, wato abin da aka tsakuro da kan yatsu. Da shi ake sayen ƙwan fitilar lungu, a kai gudummawa gidan rasuwa, a tallafi tsohuwar da ba ta da kowa. Kuma jifa ɗaya ce tsuntsu biyu: duk gidan da aka wayi gari shinkafarsa na nan a gwangwani, an san 'yan sintiri ba su zagayo ta nan ba, barci suka sha a rumfa.

Ku riƙe wannan gwangwani a ranku, domin haka dukiya take tafiya a ƙauyen Jawa: kaɗan-kaɗan, amma hannu da yawa ke taɓa ta.

Dalilin kuwa ƙarancin ƙasa ne. Ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 151 a Jawa, fiye da rabin al'ummar Indunusiya, a tsibirin da girmansa kusan kashi ɗaya ne cikin goma na Jamhuriyar Nijar. Klaten kaɗai, mai faɗin murabba'in kilomita 655, tana ɗauke da mutum sama da miliyan 1 da dubu 200 a ƙauyuka 391. Manomin da gonarsa ba ta kai rabin hekta ba ana ce masa petani gurem, kuma gurem ɗin sunan ƙwaron nan ne ɗan mitsitsi da ke damun kaji a akurki. Ƙidayar manoma ta 2023 ta samu irin waɗannan gidaje kusan miliyan 17 a faɗin ƙasar, alhali a 2013 miliyan 14 ne da ɗoriya. A sassa da dama na tsibirin ma ba da hekta ake lissafi ba, da wani ma'auni ake yi mai suna ubin, kimanin murabba'in mita 14. Wato faɗin ɗaki guda. Mutum ya ce maka gonarsa ubin ɗari ce, kuma ya faɗe ta da alfahari.

Abin da ya sa ɗan wannan fili yake ciyar da gida shi ne dutsen da ke tsaye a kansu. Tokar da Merapi ya daɗe yana amayarwa ita ce takin ƙasar, ruwan da ya sha a kansa kuma shi ke ɓulɓulowa a idanun ruwa irin na Cokro da Ponggok, ya bi magudanai har cikin fadamun shinkafa. Inda ruwa ya wadata sau biyu ake girbe shinkafa a shekara, wani wuri sau uku, ko a raba tsakani da masara da waken suya da gyaɗa. Shinkafar yankin Delanggu sunanta ya kai kasuwannin birane. Amma mai ba ka shi ne mai karɓa. A 2010 dutsen ya yi aman da ya hallaka mutum sama da 350, aka kwashe dubban ɗaruruwa daga gidajensu. Da ƙura ta lafa mutane suka koma, wasu ma suka shiga haƙar yashin da ya bari a kogin Woro suna sayarwa.

To yanzu mu zo ga tambayar da ta fi damuna: wannan 'yar gona, ta wace ce?

A takarda, ta mutum ɗaya ce. Sunansa na cikin tsohon littafin filaye da ke ofishin dagaci, ko kuma ya samu takardar shaidar mallaka a shirin rajistar filaye da gwamnati ta ƙaddamar gadan-gadan tun 2017. A aikace kuwa masu ci daga gare ta suna da yawa. Mai gonar na iya ba wani ya noma a raba biyu, wannan shi ne maro. Ko mai noman ya ɗauki ɗaya bisa uku, su ce mertelu. Akwai jami'in ruwa da ake kira ulu-ulu, wanda ke buɗe magudana ya toshe, ya san yau layin wane ne gobe na wane, kuma in rani ya yi tsanani da fitila yake kwana a bakin kwalbati, don rikicin ruwa a can ba ya jiran gari ya waye. Shi ma yana da ladansa. Ga matan dashe, waɗanda ke jera sahu cikin taɓo har ƙwauri, suna dasawa suna ja da baya, suna bin wata doguwar gora mai alamomi don layi ya miƙe. Ga mai agwagi da ke koro garkensa bayan girbi su tsince abin da ya zube, su bar wa gona taki.

Sai babban rabon, wanda ake kira bawon. A tsohuwar al'ada, ranar girbi ba a hana kowa shiga gona. Mata kan zo da wata 'yar wuƙa mai suna ani-ani, reza ce aka dasa a jikin ɗan katako, tana ɓuya a tafin hannu, da ita ake yanke zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi sun ce an ɓoye wuƙar ne don kada a firgita Dewi Sri, wadda a camfin mutanen da ita ce uwar shinkafa. Da yamma kowace mace ta kawo abin da ta yanka gidan mai gona, a kasa, ta ɗauki kasonta a hatsi: ɗaya bisa shida, ko bisa takwas, ko bisa goma, gwargwadon kusancinta da gidan. 'Yar'uwa da maƙwabciya sun fi bare samu. Aiki ne mai cin lokaci, masanin tattalin arziki zai ce ɓarnar hannu ce. Amma bazawarar da ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa, da wannan take cika tukunyarta wata da watanni.

Wannan tsari ya fara sassautowa a shekarun 1970, lokacin da gwamnatin shugaban ƙasa Suharto ta cika ƙauyuka da sabon iri mai gajeren kara da takin zamani. Lauje ya kori ani-ani. Injin casa ya kori turmin da mata ke samun lada da shi. Sannan cinikin tebasan ya bazu: ɗan kasuwa ya zo kwanaki kaɗan kafin girbi, ya zagaya gona da ido, ya yi mata kuɗi a tsaye, ya kawo nasa 'yan ƙwadagon. Mai gona ya huta da kunyar maƙwabta, don in sun zo sai ya ce ai na sayar. Gaskiya a faɗe ta, amfani ya ƙaru. A 1984 Indunusiya ta ciyar da kanta da shinkafarta, kuma a 1985 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gayyaci Suharto birnin Rum ta yaba masa. Buhuna sun yawaita, hannuwan da ke da haƙƙi a kansu suka ragu.

Gado ma yana nasa aikin. Wasu gidaje suna raba shi yadda suke cewa sepikul segendhongan: namiji kwando biyu a kan sanda, mace kwando ɗaya a goye, wanda ya yi daidai da rabon da muka sani a shari'a. Wasu kuma sigar semangka suke yi, a tsaga kamar kankana, kowa daidai. Ko wanne aka bi, gonar da ba ta kai rabin hekta ba in ta faɗa hannun 'ya'ya huɗu ta zama kunya-kunya. Sau da yawa ɗaya ke zama ya noma, sauran su tafi masana'antu ko Jakarta ko Maleshiya ko Taiwan, a riƙa aika musu da buhu in an girbe. Sai ƙaramar salla su dawo, a cika lungu da babura da motocin haya.

Akwai kuma gonar da ba a gadonta ba a sayar da ita, ta ƙauye ce. Daga cikinta ake yankar wa dagaci da muƙarrabansa gandu mai suna bengkok, su ci muddin suna kan kujera. Dokar ƙauyuka ta 2014 ta kawo albashi da kuma kuɗin da gwamnatin tarayya ke aiko wa kowane ƙauye kai tsaye tun 2015, amma a wurare da yawa gandun na nan a matsayin ƙari, kuma galibi ba shi ne mafi munin fili a gari ba. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin yadda zaɓen dagaci ke ɗaukar zafi ba, balle da aka mayar da wa'adin shekara 8 a gyaran dokar da aka yi a 2024.

Mu baro fadama mu shiga gida. Daga nesa ba ka ganin ƙauyen, kurmi kake gani a tsakiyar shinkafa. Sai ka shiga za ka tarar kowane gida yana da ɗan lambu kewaye da shi, pekarangan: kwakwa a sama, ayaba da gwanda da mangwaro a ƙasanta, rogo da citta da kurkum a gindi, kaji na tono, wani lokaci da ɗan kududdufin kifi. Uwargida ba ta zuwa kasuwa neman ganyen miya. Can baya ga garke, saniya ɗaya ko awaki uku. Dabbobi a harshensu rojo koyo ne, kamar a ce sarkin dukiya, don su ne asusun da ake fasawa ranar kuɗin makaranta ko biki. Sau da yawa ma saniyar ta wani ce, kiwo aka ba shi, in ta haihu a raba. Kun ga nan ma dai rabo ne.

Shi kansa gidan, in tsoho ne na katakon jati, wani itace mai ƙwari, kadara ce mai ƙafa. Ginshiƙai da bango a sarƙe suke, ana iya kwance su a ɗora a mota. Masu otal da attajiran birni suna bin ƙauyuka suna sayen irin waɗannan tsofaffin gidaje da ake kira joglo, mai gida ya karɓi kuɗi ya gina na bulo a gurbin. In za a ɗaga rufi kuwa gayya ake kira, sambatan, maza su yi aiki, mata su shiga madafa, ba a biyan kowa sai da abinci da shayi mai zaƙi, da sanin cewa gobe kai ma za a kira ka. Kasuwa kwana biyar-biyar take ci, ranakun su ne Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon, kowace rana da garinta. Mata na da adashinsu. Daren Juma'a maza na zagaya gidaje ana tahlili da karatun Yasin, a tashi kowa da ƙunshin shinkafa da awara. Akasarinsu Musulmi ne, kuma malamansu sun daɗe suna ja-in-ja kan sadakar da ake kaiwa bakin gona kafin girbi, ko addini ce ko ragowar zamanin Dewi Sri. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne babbar hanyar mota da ake ginawa daga Solo zuwa Yogyakarta, wadda aka buɗe kashinta na farko zuwa Klaten a 2024. Ta ratsa ta tsakiyar fadamu. An auna filaye, an biya diyya, kuma ba zan ce masu gonaki duka sun yi asara ba. Wasu sun ga kuɗin da kakanninsu ba su taɓa mafarkinsa ba. Filin ƙauye da hanya ta ci, doka ta ce a nemo wani a maye gurbinsa. Amma ma'aunin diyya takarda yake bi. Matar da ta shekara talatin tana dashe a wannan gona ba sunanta a littafin dagaci. Mai agwagi ba shi da lambar fili. A ra'ayina duk hukumar da ta ƙirga masu takarda ta ce ta ƙirga waɗanda abin ya shafa, ta yi lissafin dokin rano, don gona ɗaya a can ta fi bakin mai ita yawa.

Ba kuma ina cewa a koma wa ani-ani ba ne. Samarin ƙauyen da kansu ba sa son taɓo, mai gona yakan sha wahalar samun masu dashe, waɗanda yake samu ɗin ma yawancinsu sun manyanta. Shi ya sa injin girbi ya samu shiga cikin sauƙi a 'yan shekarun nan. Ana sauke shi daga bayan mota da hantsi, kafin azahar ya lashe abin da mata da dama kan yini a kai, yana tafe yana tofar da buhuna a ɗinke. Mai injin ya karɓi kuɗinsa ya wuce gona ta gaba.

In kun tsaya a bakin kunya bayan ya fita, za ku ga tsofaffin mata biyu ko uku, da malfunan gora masu tsini, sun shigo da buhun taki a hannu. Kala suke yi, su ngasak suke ce mata. Suna bin kusurwoyin da injin bai iya juyawa ba, da inda iska ta kwantar da kara, suna tsintar zangarniya ɗaya-ɗaya. Su buga ta a kan ɗan tabarma, su sheƙe, su ƙulle. Da magariba, a cikin wannan ɗin ne za a ɗebi cokali ɗaya a zuba wa gwangwanin bakin ƙofa.