Hira kan Lafiya: Ranarsu Ɗaya, Maganinsu Daban

Malam: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Zariya. Yau Maman 'Yan Biyu ta zo mana da ƙorafi.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi Malam, abin ya tsaya mini a rai. Da hunturun nan tari ya kama yarana, numfashinsu na sama-sama. Na kai su asibiti aka ce limoniya ce, aka rubuta amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma Hassan ƙwaya biyu safe da dare, Hussaini ɗaya. Yaran da ko minti goma ba su ba juna ba!

Sista: Maman 'Yan Biyu, an ɗora su a sikeli?

Maman 'Yan Biyu: An ɗora. Hassan kilo 11, Hussaini kilo 9.

Sista: To ai ga amsarki nan. Magani cikin jiki yake bazuwa, don haka da girman jiki ake auna shi. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a limoniyar yara a ba da miligiram 40 ga kowane kilo, sau biyu a rana. Da yake lissafi na da wuya a cikin cunkoso, aka yi rukuni da ƙwayar nan mai miligiram 250 da ke narkewa a ruwa: kilo 4 zuwa ƙasa da 10 ƙwaya ɗaya, 10 zuwa ƙasa da 14 biyu, 14 zuwa 19 uku. Iyakar ta ratsa tsakanin 'ya'yanki ne.

Malam: Sista, mu da muke sayen na kwalba a kemis fa? Kullum abin da ake ce mana, cokali ɗaya sau uku.

Sista: Nan ne hankalina ya fi tashi, Malam. Kwalbar kanta iri biyu ce, akwai mai miligiram 125 a mililita (mil) 5, akwai mai 250. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar miligiram 400 a sha ɗaya. A mai 250 ɗin, mil 8 ke nan, a ɗayar kuwa mil 16. Wane cokalin shayi ne zai auna maka wannan? Cokalin gidanku a Samaru daban, na Tudun Wada daban. A nemi sirinji marar allura, ma'aikacin lafiya ya nuna layin da za a tsaya.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa da na so in raba musu daidai, ɗaya-ɗaya, don tausayi.

Sista: Da Hassan ya sha rabin abin da yake buƙata. Zazzaɓi ya lafa, ƙwayoyin cutar da suka fi taurin kai su tsira, gobe su daina jin maganin. Kuma garin nan na kwalba, ruwan da aka tafasa ya huce ake zubawa daidai layi, a girgiza kafin kowane sha. Ragowarsa ba a ajiye wa ƙani.

Malam: Idan ana cikin sha yaro ya ƙara rikicewa fa?

Sista: Idan ya kasa shan nono, yana amayar da komai, ko jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada a jira gari ya waye. A kama hanyar asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa. Hassan ya cika kwana biyar ɗinsa?

Maman 'Yan Biyu: Saura na daren yau, Sista.