Daga Ƙofar Kabuga zuwa garinmu Mai Wurno

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a Ƙofar Kabuga nake, cikin birnin Kano, ku yi haƙuri da ƙarar adaidaita sahu. Jiya wani dattijo mai goro ya ji harshena ya ce, "Yaro, daga Nijar kake?" Na ce a'a Baba, daga Sudan. Ya ce to a ina na koyi Hausa? Na ce a nono na sha ta. Tambayar nan ce ta kawo ni bakin wannan ƙofa.

Ta nan Turawa suka shigo Kano a watan Fabrairun 1903. A watan Maris Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, malamai da manoma da fatake suka bi shi, har da Kanawa. A Burmi aka tare su cikin watan Yuli, nan ya yi shahada, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka rage, a ƙafa da bisa jakuna, suka ratsa ƙasar Chadi ta yau, wajajen 1906 suka isa gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Sudan. Garin da suka kafa sunansa ya ci, Mai Wurno. Can aka yanke cibiyata.

Muna yamma da kogin, kudu kaɗan da Sinnar inda aka gama madatsar ruwa a 1925. Daga Tafkin Tana na Habasha ruwan yake gangarowa, sai a Khartum yake haɗuwa da Farin Nilu. Ana ce masa shuɗi, amma ku zo a watan Agusta ku gani, ja ne jawur saboda laka. Idan ya janye sai a bi gaɓar da shuka. Ƙasarmu baƙa ce, da rani tana tsagewa har ƙafar yaro ta shige. Dawa da riɗi a gona, mangwaro da ayaba a lambu, masunta kuma tun asuba suna cikin kwalekwale. Kakanninmu da yawa sun tsinci auduga a gonakin Jazira, yankin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu.

Mutanen garin Fulani ne da Hausawa da Barebari, amma 'yan Sudan duk Fallata suke kiranmu. Larabci a kasuwa da makaranta, Fulatanci da Hausa a tsakar gida. Har yau muna da Sarki daga jinin Attahiru. Agashen da ake rububinsa a Khartum ma, mutanenmu ne suka kai shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 shi ya fito da ni. Kanawa sun riƙe ni hannu bibbiyu, wallahi ban da abin cewa. Sai dai da dare ina kasa kunne ko zan ji motsin ruwa. Shekaranjiya Inna ta samu waya, ta ce kogi ya cika, ya kai gindin mangwaron da Kaka ya dasa.