Agogon kwamfuta mai faɗin lokacin da ba shi ba

Lacca ce da aka yi wa masu gyaran kwamfuta da masu shagunan kafe a Zariya, aka rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da 'yan'uwa masu sana'a na Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada, barkanmu da warhaka.

Yau kan agogon kwamfuta za mu tattauna. Wani zai ce ai wannan ba abin taro ba ne, latsawa kawai ake yi a gyara. To, a gyara ɗin, gobe da safe ya koma gidan jiya. Kuma ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Duk shafin intanet mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka kwamfutar da ke ganin tana cikin 2009 za ta ƙi buɗe shi, Chrome ya rubuto "Your clock is behind". Ɗalibi na tsaye yana son biyan kuɗin makaranta, mai kafe kuwa yana ta tsine wa netwok.

Kafin ku kwance noti ko ɗaya, ku fara duba irin kuskuren da agogon yake yi. Yanayin kuskuren shi ke nuna inda cutar take.

Idan duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka zare waya daga soket, kwamfutar ta tashi da tsohuwar shekara, ran 1 ga Janairu da ƙarfe 12 na dare, batir ne. A kan bod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta, akwai ɗan agogo da ba ya tsayawa ko an kashe na'urar, kuma abin da ke riƙe da shi wani ɗan batir ne mai kama da kwandala, CR2032, mai bolt 3. Lambar ma tana faɗin girmansa: faɗi milimita 20, kauri 3.2. A lura da wani abu da ya shafe mu musamman a nan. Muddin kwamfutar tebur tana jone da wuta, ko da a kashe take, daga wutar soket agogon ke ci, batirin yana hutawa. Mu kuwa ga ɗaukewar wuta, ga kashe soket kowane dare don tsoron wutar da ke dawowa da ƙarfi. Shi ya sa batirin ke saurin mutuwa a wajenmu. Haɗa da cewa yawancin na'urorinmu na gwanjo ne, batirinsu ya riga ya sha jiki tun kafin su iso.

Canjinsa ba wuya. A kashe, a zare waya, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa bod. A tura ɗan ƙarfen da ya maƙale batirin, zai ɗago da kansa. A auna shi da mita: sabo yakan nuna 3.2 ko sama kaɗan, wanda ya sauka ƙasa da 2.8 kuwa ba abin dogaro ba ne. Sabon ma a auna shi, domin akwai waɗanda suka daɗe a shago cikin zafi. Gefen da ke da alamar + shi ke kallon sama. Kada a yarda da CR2025 don wai faɗinsu ɗaya, kaurinsa 2.5 ne, zai zauna sako-sako. A laftof kuma sau da yawa batirin a naɗe yake cikin roba da 'yar waya mai fulogi, sai a nemo irinsa. Wasu sababbin ma ba su da shi sam, da babban batir suke dogara.

Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Fitar da batir yakan mayar da saitin BIOS, wato ɗan shirin da ke kan bod mai tayar da kwamfuta kafin Windows, yadda ya zo daga kamfani. Don haka a shiga BIOS ɗin ta hanyar danna maɓallinsa da zarar an kunna: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, Del a yawancin na tebur da aka harhaɗa. A saita kwanan wata, a tuna cewa yawancinsu wata suke fara rubutawa kafin rana, irin na Amurka. Sannan a duba jerin abin da take fara tashi da shi, da saitin SATA, wato yadda bod ke magana da faifan ajiya, mai zaɓin AHCI ko RAID ko IDE. Idan a AHCI aka ɗora Windows, saitin kuma ya koma RAID ko IDE, shuɗin allo za ku gani, mai kaya ya ce kun lalata masa na'ura.

Yanayi na biyu: mintoci daidai, amma awanni sun kauce cif-cif. Wannan ba ruwan batir, shiyyar lokaci ce. Najeriya tana gaba da lokacin duniya na UTC da awa 1, kuma ba ma matsar da agogo rani da damina. A Windows 10 da 11 a shiga Settings, Time & language, Date & time, a zaɓi West Central Africa. Kwamfutar da aka bari a Pacific Time za ta kasance baya da awa 9, ko 8 a lokacin bazararsu. Mai wahalar ganewa ita ce wadda aka sa wa shiyyar Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinta daidai yake da namu, sai a wayi gari ta koma baya da awa guda, a rasa dalili. Haka wanda ya ga +01:00 a gaban Balin ko Amsadam ya zaɓa: ƙarshen Maris agogonsa zai tsallake gaba. Kuma kada a juya agogon da hannu a bar shiyyar a karkace, domin da zarar ta hau intanet za ta mayar da shi.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta masu ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, tare da Windows, ku ma awa 1 ce ke addabarku, amma dalilin daban ne. Linux yana ɗaukar agogon bod a matsayin UTC, Windows kuwa lokacin gida yake ɗaukarsa, kowa ya hau sai ya gyara wa ɗan'uwansa. A Ubuntu a rubuta timedatectl set-local-rtc 1, rigima ta ƙare.

Na uku shi ne agogon da ke zamewa a hankali, yau minti ɗaya, wata mai zuwa uku. Ɗan kiristal ɗin da ke bod yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, zafi da sanyi kuma suna taɓa shi, ko mai lafiya yakan zame da daƙiƙa ɗaya ko biyu a rana. Intanet ce ke daidaita shi, ta hanyar NTP, wato tsarin karɓo lokaci daga wata saba. A koma Date & time ɗin nan a danna Sync now. In ya ƙi, a buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon admin, a rubuta net start w32time, sannan w32tm /resync. In har yanzu shiru, a sauya saba daga time.windows.com zuwa pool.ntp.org. Idan tazarar ta yi yawa, kamar ta haura awa 15, Windows kan ƙi gyarawa da kansa, sai an fara matso da shi kusa da hannu. Wasu hanyoyin sadarwa na ofisoshi kuma suna toshe ƙofa ta 123 da NTP ke bi. Hanyar ganewa ita ce a gwada da datar waya. Kwamfutar ofis da ke ƙarƙashin domen, wato wadda sabar ofis ke sarrafa shigarta, kuwa daga sabar ofishin take karɓar lokaci, can za a gyara, kuma tazarar da ta wuce minti 5 tana iya hana ma'aikaci shiga.

Wani ɗan'uwa daga baya ya tambaya: Malam, in an sa sabon batir amma tana ci gaba da mantawa fa?

Madalla da tambaya. A duba mazaunin batirin, ƙurar hunturu da tsatsa kan hana ƙarfen taɓawa. A goge shi, a ɗan ɗago harshen da ke ƙasa. A duba jamfar CLR_CMOS, wato 'yar hular da ake haɗa ƙusoshin bod da ita don goge saitin BIOS, kada a ce wani ya bar ta a wurin gogewa. Daga nan a shiga BIOS a zuba wa daƙiƙoƙin ido. Idan a tsaye suke ba sa motsi, kiristal ɗin ne ko kewayensa, wannan kuma aikin mai gyaran bod ne da abin narka dalma.